Sana'a Nawa Ke Cikin Buhun Siminti Ɗaya?

Wannan rubutu domin 'yan aji uku na ƙaramar sakandare ne musamman, waɗanda za a ce su zaɓi fanni ba da daɗewa ba, da kuma 'yan ajin ƙarshe masu shirin cika takardar JAMB. Amma ina roƙon iyaye da 'yan'uwana malamai su ma su karanta, gama rabin maganar tasu ce.

In ka shiga aji ka tambayi yara abin da kowa yake so ya zama, da wuya amsoshin su wuce biyar: likita, lauya, injiniya, soja, ma'aikacin banki. Wanda ya ce injiniya kuwa, in ka tambaye shi wane iri, sai ya sunkuyar da kai. Ba laifin yaran ba ne. Mutum ba ya sha'awar abin da bai taɓa gani ba, kuma sunayen nan biyar su ne ake ta maimaitawa a gida. Abin mamaki shi ne, muna zaune a Kalambaina, gab da ɗaya daga cikin manyan masana'antun arewacin Nijeriya, tireloli suna wuce mu safe da yamma maƙare da siminti, amma ɗalibai kaɗan ne suka taɓa tambayar kansu hannu nawa buhun nan ya bi kafin ya hau mota. A ganina, wanda ya iya amsa wannan tambaya ya san sana'o'i fiye da wanda ya haddace littafin jagorar JAMB.

Yadda kamfanin ya zo nan

An kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Nijeriya a shekarar 1962, zamanin gwamnatin Jihar Arewa ta Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Ya fara fitar da siminti a 1967 da injunan da aka yi domin tan 100,000 a shekara. A 1985 aka buɗe sashe na biyu mai tan 500,000. Gwamnati ta sayar da hannun jarinta a shekarar 2000, daga bisani kamfanin ya koma hannun BUA na Alhaji Abdul Samad Rabiu. A 2018 aka buɗe sabon sashe mai tan miliyan 1.5, sa'an nan a watan Janairu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe wani mai tan miliyan 3. Buhu ɗaya kilo 50 ne, watau buhu 20 ke cikin tan ɗaya. Masu son lissafi su buga su gani: tan miliyan 3 buhu miliyan 60 ke nan a shekara, daga sashe ɗaya kaɗai.

Me ya sa aka kawo kamfanin nan, ba a kai shi Gusau ko Birnin Kebbi ba? Saboda abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu ne. Akwai shimfiɗar dutsen farar ƙasa a wannan yanki, shi ne kuwa babban abin da ake yin siminti da shi. Masanan ƙasa da duwatsu sun ce teku ya taɓa rufe wannan wuri a zamanin da can can, shaidarsu kuwa ita ce ɓawon halittun ruwa, irin su dodon koɗi, da ake samu a cikin dutsen har yau. Da suka zo raɗa wa wannan shimfiɗa suna, sai suka sa mata sunan Kalambaina, kamar yadda suka sa wa wadda ke ƙarƙashinta sunan Dange. Saboda haka ɗalibin da ke karatun ilimin duwatsu a Zariya ko Ibadan ba ya gama karatunsa bai ci karo da sunan garinmu ba. To, ga sana'a ta fari ke nan, tun ba mu taɓa buhu ba: mutumin da yake duba ƙasa ya ce ga inda dutse yake, ga kaurinsa, ga ingancinsa, zai kuma kai shekara kaza ana haƙa.

Mu bi dutsen

Bayan masanin duwatsu sai safiyo, wanda yake auna filin ya fitar da taswira. Sai injiniyan haƙar ma'adinai, wanda yake tsara yadda za a bi ramin hawa hawa domin kada bangonsa ya rufto wa mutane. Inda dutse ya yi tauri sai an huda shi an sa nakiya, ba a kuwa barin kowa ya taɓa nakiya sai mai lasisin gwamnati. Sa'an nan ga masu tuƙa katafila da manyan tifofi. Kada ku rena waɗannan. Injin da ke hannun mutum ɗaya a cikinsu ya fi gidajen unguwa da yawa tsada, ba a ba shi sai an tabbatar da natsuwarsa.

Daga rami ana kai dutsen injin farfasawa, a mai da shi tsakuwa. Sai a haɗa shi da yumɓu da ɗan abin da ke da ƙarfe a cikinsa, a niƙa su su zama gari mai laushi. A nan ne masanin sinadarai yake shiga, kuma a nan nake so ku ɗan dakata. Dutsen da aka haƙa yau ba daidai yake da na jiya ba. In farar ƙasar ta yi yawa ko ta gaza a cikin haɗin, simintin zai ɓaci, ba kuwa mai ganewa da ido. Domin haka akwai ɗakin gwaje-gwaje da ke aiki dare da rana, ana ɗibar garin a kai a kai, ana aunawa, ana gaya wa masu niƙa su ƙara wannan su rage wancan. Duk wanda ya taɓa gwajin kemistiri a ɗakin kimiyyarmu, yana ɗiga ruwan sinadari kaɗan kaɗan har launi ya juya, ya riga ya ɗanɗana wannan aiki. Bambancin kawai, kuskure a makaranta maki yake ci, a can kuwa yana iya kai ga bangon da zai faɗa wa mutane.

Garin nan sai ya shiga tanderu. Kada ku kawo tanderun gurasa a ranku. Wani ƙaton bututun ƙarfe ne mai tsawo, a kwance, yana juyawa a hankali, an shimfiɗa masa bulo mai jure wuta daga ciki. Zafin da garin yake kaiwa a ciki wajen digiri 1,450 ne, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Zafin yana korar iskar da ke ƙunshe cikin dutsen, abin da ya rage ya haɗu da yumɓun ya dunƙule kamar ƙananan duwatsu masu duhu, waɗanda ake kira kilinka. Ba a kashe tanderu da yamma a kunna da safe. In ya huce sai an ɗauki lokaci mai tsawo da makamashi mai yawa kafin ya koma zafinsa, bulon cikinsa kuma yana iya tsattsagewa. Saboda haka yana ci ba tsayawa, Lahadi da Jumma'a, Kirsimeti da Salla, ma'aikata suna karɓar juna. Ku riƙe wannan magana ta karɓar aiki, za mu komo kanta.

Wanda yake lura da tanderu ba ya tsaye kusa da wuta da shebur. Yana zaune ne a ɗakin sarrafa injuna, gabansa allunan kwamfuta suna nuna zafi da gudun kowane inji. A bayansa akwai masu gyaran na'urorin awo waɗanda suke tabbatar da cewa lambar da yake gani gaskiya ce, da injiniyoyin lantarki, gama kamfanin yana da tashar wutarsa ta kansa, da injiniyoyin injuna, da makanikai, da masu walda, da masu jera bulon cikin tanderu. Wanda ya tsara dukan tafiyar aikin daga gari zuwa kilinka shi ne injiniyan sarrafa sinadarai. Kun ga ke nan kalmar nan “injiniya” da yaro ya faɗa a aji ta riga ta rabu gida huɗu.

Kilinka in ta huce sai a sake niƙa ta tare da ɗan jifsam. Amfanin jifsam shi ne ya jinkirta daskarewa. Ba don shi ba, da an zuba ruwa sai kwaɓin ya sandare kafin birkila ya kai shi bango. Daga nan ma sai ɗakin gwaji ya sake ɗiba, ya kwaɓa, ya zuba cikin ƙananan mazubai, ya ajiye, bayan kwanaki ya matse su da inji har su fashe domin a san ƙarfinsu. Gwajin kwana 28 shi ne mai yanke hukunci. Lambar nan da kuke gani a jikin buhu, 32.5 ko 42.5, daga wannan gwaji take fitowa, hukumar SON kuma ita ce ta gwamnati mai sa ido a kan ingancin.

Ragowar sai mu bi da sauri. Masu injin ɗura buhu, mai sikelin motoci, mai kula da sito, masu sayo kayan gyara, akanta da mai binciken littattafansa, ofishin ma'aikata, lauyan kamfani mai rubuta yarjejeniya, asibitin ma'aikata da likita da nas, jami'in kiyaye haɗari wanda ba ya barin kowa ya shiga ba hular kwano, da jami'in muhalli, gama kowace masana'antar siminti a duniya fama take yi da ƙura da hayaƙi. A wajen ƙofa kuma ga direbobi, dillalai, masu buga bulo, mai zayyana gini, mai ƙididdige kuɗin kayan gini, birkila, kafinta, mai ɗaura rodi. Iyakar Nijar tana nan Illela, daga can sai Birnin Ƙonni, saboda haka wanda ya riƙe Faransancinsa da kyau shi ma yana da abin sayarwa a harkar ciniki. Ku ƙirga da kanku, za ku wuce talatin.

Amma bari in faɗi gaskiya guda. Ba cewa nake yi kowa zai sami aiki a kamfanin siminti ba. Injunan zamani suna yin aikin mutane da yawa, masana'anta tana iya ninka abin da take fitarwa ba tare da ta ninka ma'aikata ba. Na ɗauki buhun siminti ne domin shi ke gabanmu. Haka za ku iya bin fatar jan akuyan Sakkwato daga makiyayi da likitan dabbobi zuwa majemi da baduku da mai kai ta ƙasashen waje. Haka za ku iya bin buhun shinkafa daga madatsar ruwan Goronyo ko Bakolori, ko ku bi mara lafiya ɗaya daga ƙofar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo har ya fita, ku ga mutum nawa suka yi masa aiki ban da likita.

Ƙofar da ake rufewa a aji uku

Dalilin da ya sa nake matsa wa 'yan aji uku shi ne, zaɓen fanni yana rufe ƙofofi tun yaro bai san akwai su ba. A jarrabawar JAMB darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne a ciki. Mai neman aikin injiniya yana ƙara lissafi da fizis da kemistiri. Mai neman likitanci yana ƙara fizis da kemistiri da bayoloji. Mai neman shari'a yana bukatar adabin Turanci, mai neman akanta yana bukatar lissafi da ilimin tattalin arziki. Yaron da ya gudu daga fizis a aji huɗu domin abokinsa ya gudu, ko domin an ce malamin yana da zafi, ya fitar da kansa daga kusan rabin sana'o'in da muka lissafa a sama, ba kuwa zai gane ba sai bayan shekara uku, ranar da zai cika takarda. Haka kuma yarinyar da aka tura fannin kimiyya dole, alhali baiwarta tana wajen harshe da rubutu, takan fito da sakamakon da bai isa likitanci ba, ba ta kuma da adabin da za ta nemi shari'a da shi.

Jami'a kuma ba ita kaɗai ce hanya ba, ko da yake mun mai da ita haka a bakinmu. Da yawa cikin masu riƙe da injuna a masana'antu ta kwalejin fasaha da kimiyya suka bi, irin ta Umaru Ali Shinkafi da ke nan Sakkwato ko ta Kaduna: shekara biyu ta ƙaramar difloma, shekara ɗaya ta aiki a masana'anta, shekara biyu ta babbar difloma. Akwai makarantun koyon sana'a masu jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992. Akwai Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ga masu son koyarwa, akwai makarantun aikin jinya. Akwai kuma koyo a hannun gwani, wanda bai hana mutum riƙe takardar sakandare mai kyau ba. Mai walda da ya iya karanta zanen injiniya ya kuma iya lissafin awo, ba a haɗa kuɗinsa da na wanda ya iya riƙe wuta kawai.

Daga ina wannan aikin jagora ya samo asali?

A tarihin ilimi a Nijeriya ana lissafa farkon jagorar zaɓen sana'a daga wata makarantar mishan. A shekarar 1959, sistocin Katolika na Kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka ga 'yan matansu za su gama makaranta ba su san inda za su nufa ba. Sai suka gayyato mutane masu ayyuka iri iri daga cikin gari, kowa ya zo ya bayyana wa 'yan matan aikinsa da yadda ake shigarsa. Abin ya yi amfani har wasu makarantu suka ɗauka, aka kafa majalisar masu wannan aiki a Ibadan, daga baya ta zama ta ƙasa, a 1976 kuma aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta Nijeriya. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a sa masu jagora a makarantun sakandare. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 an yi shi ne domin yaro ya ɗanɗana aikin katako da ƙarfe da lantarki da kasuwanci cikin shekara uku na fari kafin ya zaɓa. Tunanin mai kyau ne, amma a makarantu da yawa injunan da aka sayo daga waje sun tsufa a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin masu koyarwa.

Ku lura da abin da sistocin nan suka yi. Ba su sayi inji ba, ba su jira takarda daga ma'aikatar ilimi ba. Mutane suka kira, yara suka yi tambaya. Gwamnati ma ta san amfanin gani da ido, shi ya sa hukumar ITF da aka kafa a 1971 ta fito da shirin SIWES mai tura ɗaliban manyan makarantu masana'antu. Sai dai wannan yana zuwa ne bayan mutum ya riga ya zaɓa. Ɗan sakandare shi ne ya fi bukatar ganin, shi ne kuwa ba a shirya masa ba, sai makaranta da gida sun shirya da kansu.

In kun sami zama da mai sana'a, kada ku fara da tambayar albashi, ba zai faɗa muku gaskiya ba, ku ma ba za ku ƙaru ba. Ku ce ya ba ku labarin aikinsa na jiya, daga isowarsa har tashinsa. Ku tambaye shi wane ɓangare ne ya fi gundurarsa, gama kowace sana'a tana da nata, wanda kuwa ba zai iya jure gundurar aiki ba daɗinsa ba zai riƙe shi ba. Ku tambayi darasin makaranta da yake amfani da shi har yau, da hanyar da ya bi, da ko akwai wata gajeriya ko mai rahusa. Tambayar da na fi so ita ce: wane irin mutum ne bai kamata ya shiga wannan aiki ba? A nan ne nas za ta gaya muku zancen jini da aikin dare, direba ya gaya muku zancen barin iyali.

Shugabanci da karɓar aiki

Yanzu mu komo kan tanderun da ba ya mutuwa. Sa'ad da masu aikin dare za su tashi, shugabansu ba ya ɗaukar jakarsa ya tafi kawai. Yana rubuta abin da ya faru, injin da ya yi ƙara, awon da ya kauce, gyaran da aka fara ba a gama ba, ya miƙa wa mai karɓarsa. In ya ɓoye kuskure domin kada a ga laifinsa, mai zuwa zai gina a kan ƙarya. Haka yake a ɗakin marasa lafiya, haka yake a banki. Wannan hali ba a koyar da shi a darasin kemistiri, kuma takardar WAEC ba ta nuna shi. A makaranta inda ake koyonsa shi ne a riƙon muƙami.

Mun saba ɗaukar zama firifet kamar sarauta: baje a ƙirji, ikon sa ƙanana su durƙusa, wuri na musamman a ɗakin cin abinci. Wanda ya ɗauke shi haka ya yi hasarar shekara guda. Firifet na aikace-aikace da aka ba shi fartanya ashirin da tsintsiya talatin a farkon zango, aikinsa shi ne ya san inda kowace take, ya raba aiki ba son kai, ya mai da su cif a ƙarshen zango ko ya bayyana inda sauran suka shiga. Mai buga ƙararrawa yana koyon abin da mai ɗakin sarrafa injuna yake yi, watau mutane ɗaruruwa suna dogara ga idonsa. Ma'ajin ƙungiya da yake rubuta kowace naira yana koyon aikin akanta. Gwaji mafi wuya kuwa shi ne ranar da abokinka na ƙut da ƙut ya makara, sunansa kuma ya kamata ya shiga littafi. Ta haka muƙami yake nuna maka kanka. Wani zai gane yana jin daɗin tsara mutane, wani zai gane ya fi son a bar shi da lissafinsa shi kaɗai. Dukansu biyu sani ne mai amfani wajen zaɓen sana'a.

Ƙungiyoyin da muka sani an gina su a kan wannan tunani ne. William Alexander Smith ya kafa Boys' Brigade a birnin Gilasgo a 1883, ta iso Legas a 1908. Dabararsa ita ce a ba manyan yara igiya a damƙa musu ƙanana su lura da su, su kuma ba da lissafi ga na sama. Ƙungiyar FCS da aka fara a Gindiri a 1957 ita ma ɗalibai ne suke riƙe da shugabancinta a kowace makaranta, malami yana gefe yana ba da shawara. Man O' War kuwa ta samo sunanta ne daga wani bakin teku a kudancin Kamaru, inda Alec Dickson ya buɗe sansanin horar da matasa a 1951, lokacin ana mulkin yankin tare da Nijeriya. Daga baya cibiyar ta dawo cikin Nijeriya, ɗaya daga cikin sansanoninta da aka fi sani shi ne na duwatsun Shere kusa da Jos. A can ana haɗa matasan da ba su san juna ba, kabila dabam, addini dabam, a ba su aikin da mutum ɗaya ba zai iya ba, kamar tsallake katanga mai tsawo ba tsani. Mai yawan surutu ba lalle shi ne yake fitar da su ba.

Ga 'yan matanmu kuma, kada wani ya ce muku wannan zance na maza ne. A ƙasar nan ta Sakkwato Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta horar da mata da ake kira jajis, tana naɗa musu malfa, tana tura su ƙauyuka su koyar da 'yan'uwansu mata, su komo su ba ta labari. A ba mutum aiki, a tura shi, ya komo ya ba da lissafi: tsarin ɗaya ne. Ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin sarrafa injuna da ofishin akanta ba su bukatar ƙarfin damtse.

Shawarata ga 'yan'uwana malamai ita ce mu daina zaɓen firifet saboda girman jiki ko saboda tsoron da ƙanana suke yi masa. Mu kuma sa ya zama ƙa'ida kowane mai muƙami ya riƙe littafi, ranar sauka ya miƙa shi ga magajinsa a gaban taro, da lissafin kaya da na kuɗi da abin da ya gagara. Sa'an nan abin da za mu rubuta a takardar shaidar halinsa zai zama abin da muka gani.

Ga iyaye da dattawan ikkilisiya

Abin da sistocin Ibadan suka fita nema cikin gari, mu muna da shi zaune a kan benci kowace Lahadi. Ku duba jama'ar sujada ɗaya: nas, makaniki, ɗan sanda, tela, ma'aikacin banki, mai gyaran lantarki, malamin jami'a, mai sayar da kayan gini, wataƙila har da ma'aikacin kamfanin siminti. Yaranmu suna gaishe su shekara da shekaru ba su san abin da suke yi ranar Litinin ba. Zumuntar matasa tana iya ware yamma ɗaya a wata, mutum biyu su zo su yi bayani, yara su yi tambaya. Maƙwabtanmu Musulmi masu sana'a su ma in an roƙe su da ladabi ba za su ƙi ba. Wanda yake da shago ko gareji ko ofis ya karɓi yaro ɗaya ko biyu na mako guda a dogon hutu, da yardar iyayensu, su zauna su kalla su ɗan taimaka. Shiga masana'anta kuwa sai makaranta ta rubuta takarda ta nemi izini, a tafi tare da malami, gama wuri ne mai haɗari.

Na san abin da ke zuciyar uba sa'ad da ya ce ɗansa sai likita. Ya sha wahalar biyan kuɗin makaranta, yana so wahalar ta tsaya a kansa. Amma gurbin karatun likita kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai, akwai kuma yaran da suke zama gida shekara uku ko huɗu suna maimaita JAMB a kan abin da ba su da sha'awa ko baiwarsa, alhali da tuni sun gama difloma sun kama aiki. Kafin ku yanke, ku zo ku duba sakamakon yaron na shekara uku tare da malamin ajinsa, ku kuma ji abin da shi yaron ya gano.

Ku 'yan aji uku, ga aikin hutu. Kowa ya sami ƙaramin littafi, ya zauna da mutum uku masu sana'a dabam dabam, aƙalla ɗaya daga cikinsu ya zama mai aikin da ba ka taɓa tunaninsa ba, ya rubuta amsoshinsu da darussan da kowace sana'a take bukata. Ku kawo littafin a makon farko na zango mai zuwa, mu duba shi tare da takardar zaɓen fanni kafin iyaye su sa hannu.